Mugambo ya yi shekaru yana aikin ofis kafin duniya ta san shi

"Assalamu alaikum malam. Dan Allah ina da tambaya a kan Amrish Puri, wanda muke ce wa Mugambo. Wani ne ya ce min wai ma'aikacin gwamnati ne, sai da ya kusa shekara 40 sannan ya shiga fim, da gaske ne? In haka ne to a ina ya koyi wasan da har ya fi duk bosawan Indiya? Ina tambaya ne saboda ni ma shekarata 34, ina aikin ofis, kuma tun ina yaro nake son wasan kwaikwayo amma gani nake lokaci ya riga ya wuce ni."

Wa alaikumus salam ƙanina. Wanda ya faɗa maka haka bai yi maka ƙarya ba, da gaske ne. Amma na lura tambayar taka biyu ce, ta farko a kan mutumin, ta biyu a kan kanka, kuma ta biyun ce ta hana ka barci. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na haura shekara 20 ina harkar wasan dandamali, na yi wasa, na bada umarni, yanzu kuma yawanci koyar da matasa nake yi, kuma Amrish Puri yana cikin mutanen da nake yawan kawo wa ɗalibaina misali da su, ba don Mugambo, bos ɗin da ya fito a matsayinsa a fim ɗin Mr. India, kaɗai ba, don shekarun da suka gabaci Mugambo waɗanda mutanenmu ba su cika sanin labarinsu ba.

An haife shi ranar 22 ga Yuni 1932 a Nawanshahr, cikin yankin Punjab. Gidansu ba baƙin harkar ba ne, yayyensa biyu Chaman Puri da Madan Puri duk 'yan fim ne, Madan ma fitaccen bos ne tun kafin a san ƙanin nasa, in ka saba kallon tsofaffin finafinai ka san fuskarsa ko da baka riƙe sunan ba. Shahararren mawaƙin nan K. L. Saigal shi ma ɗan uwansu ne. To ka ga duk wanda ya ji wannan zai ce ai hanya a share take. Sai ga shi ya je Bombay a shekarun 1950 da burin ya zama jarumi, aka yi masa gwaji a gaban kyamara ya faɗi. A lokacin fuska mai laushi ake nema, irin wadda za ta yi waƙa a lambu 'yan mata su yi ta kallo, shi kuwa fuskarsa da tauri, ga manyan idanu, ga murya mai kauri. Duk abin da daga baya ya zama arzikinsa, a ranar shine aibinsa.

Da fim ya ƙi, sai ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin Indiya, kuma ya yi wajen shekara 21 a nan. A 1957 ya auri Urmila Divekar, suka haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace. Wato dai magidanci ne mai albashi kamarka, yana fita da safe yana dawowa da yamma.

Inda ya koyi wasan

Nan ne amsar tambayarka take, kuma nan nake so ka tsaya ka karanta a nitse. A farkon shekarun 1960 ya haɗu da Ebrahim Alkazi, wanda ya shugabanci babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasar da ke Delhi daga 1962 zuwa 1977, mutumin da a Indiya ake ɗauka uba ne a harkar wasan dandamali na zamani. Shi ya fara sa shi a hanya. Daga nan ya koma hannun Satyadev Dubey, darakta mai tsanani da zafin rai wajen aiki, musamman a kan furuci, kuma shi Puri ya riƙa kira malaminsa har ƙarshen rayuwarsa. Da rana yana ofis, da dare yana wajen atisaye, haka ya yi ta yi shekara da shekaru, kuma wasan dandamali a lokacin ba wani kuɗi yake kawowa ba. Ya fito a manyan wasanni na marubutan da ake ji da su a ƙasar, irin su Hayavadana na Girish Karnad da Sakharam Binder na Vijay Tendulkar, har ta kai a 1979 an ba shi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, wadda tana cikin mafi girman karramawar da mai wasan dandamali zai samu a Indiya. Ka lura da shekarar, 1979, saura shekara 8 a yi Mugambo. Masu zuwa gidan wasa sun riga sun san gwani ne tun kafin 'yan silima su san sunansa.

Me dandamali yake ba mutum wanda kyamara ba ta bayarwa? Bari in faɗa maka daga abin da na gani da idona. A dandamali babu "a sake", in ka yi kuskure jama'a na zaune suna kallonka, dole ka san yadda za ka fita. Babu makirfo a wuyanka, muryarka ce za ta kai wa na layin ƙarshe ba tare da ka yi ihu ba, kuma in da maƙogwaro kake magana kafin sati ya ƙare muryar ta dishe, dole ka koyi ɗauko numfashi daga ciki. Sannan babu kyamarar da za ta matso kusa da fuskarka ta taimake ka, jikinka gaba ɗaya ne yake magana, yadda ka tsaya, yadda ka juya wuya, yadda ka ajiye hannu. Abu na ƙarshe kuma wanda ya fi duka wuya shine shiru. Ka tsaya a gaban mutum ɗari biyu ka yi shiru na daƙiƙa biyar ba tare da ka ji tsoro ka cike gurbin da wani motsi ba, wallahi wannan ba a koyonsa a wata ɗaya. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana wannan kowane dare, in ka ajiye shi gaban kyamara ka ajiye ƙarfen da ya riga ya sha wuta ne.

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, dogo ne ƙaƙƙarfa mai murya, muka ba shi matsayin wani azzalumin mai unguwa. Muna atisaye a wani ajin firamare bayan la'asar, mun ture bencina gefe, shi kuma da ya shigo sai ya hau ihu yana zare ido yana buga tebur, jijiyar wuyansa duk ta tashi, sauran yaran kuwa sai dariya suke ƙunshewa. Na ce masa zauna. Na ce maimaita maganar nan, amma kada ka tashi daga kujera, kada ka ɗaga murya, kuma kafin ka faɗi kalmar ƙarshe ka kalli wanda ya durƙusa a gabanka ka ƙirga uku a zuciyarka. Ya yi. Ajin ya yi tsit, har wanda yake durƙushen ya manta layinsa. Da muka tashi na nuna masa Mugambo a waya, na ce kalli hannunsa kawai. Mutum yana zaune a kan karaga, yatsunsa cike da zobba, yana ƙwanƙwasa su a hankali a kan hannun kujerar, ya sa sojojinsa su yi tsalle su faɗa ramin ruwan guba su narke, shi ko gezau, sai ya yi ɗan murmushi ya faɗi kalmominsa ukun nan da ke nufin ransa ya yi daɗi. Kayan da aka sa masa na almara ne, gashin kai mai ruwan zinare da riga mai ado, in da wani aka sa wa da abin dariya zai zama. Nutsuwar da ke ƙarƙashin kayan ce take ba da tsoro.

Shigarsa fim

Fim ɗinsa na farko da ya fito shine Prem Pujari na Dev Anand a 1970, ɗan ƙaramin matsayi, yana da shekara 38 ko dab da haka, sai Reshma Aur Shera a 1971. Kuma bai ajiye aikin ofis nan take ba, wannan ka riƙe shi da kyau. Waɗanda suka fara ba shi aiki mai nauyi mutanen da suka san shi a dandamali ne. Girish Karnad ya sa shi a wani fim na harshen Kannada mai suna Kaadu a 1973, sai Shyam Benegal ya ɗauke shi a Nishant a 1975, inda ya fito a babban yayan wasu azzaluman masu gonaki da suka mallake ƙauye, sai Manthan a 1976, fim ɗin da manoma 500,000 na jihar Gujarat suka haɗa rupi bibbiyu aka shirya, shi ya fito a ɗan kasuwar da ke sayen madarar talakawa da arha, sai Bhumika a 1977. Irin finafinan nan ba su cika zuwa silimunmu ba saboda babu rawa da faɗa, amma ni a gurina a cikinsu ne za ka ga ainihin gwanintarsa, don a nan mugun nasa irin wanda ka sani ne a unguwa, mai fara'a da gaisuwa, yana cutarka yana tambayarka ya iyali.

Kasuwa ta buɗe masa ne da Hum Paanch a 1980, yana da shekara 48. Daga nan abin ya zama kamar an ɓalle famfo. Vidhaata da Shakti a 1982, Hero a 1983, ya fito a Gandhi na Richard Attenborough a 1982, sai Steven Spielberg ya ɗauke shi a Indiana Jones and the Temple of Doom a 1984 a matsayin Mola Ram mai zaro zuciyar mutum da hannu. A wannan fim ɗin ya fito da kansa a aske ƙwal, kuma ya ci gaba da zama da askin. Gwamnatin Indiya ba ta yarda a ɗauki fim ɗin a ƙasarta ba sai Sri Lanka aka je, kuma Indiyawa da yawa sun ji haushin yadda aka nuna su a ciki, ni ma ina ganin suna da gaskiya, fim ɗin ya ci mutuncinsu, duk da shi nasa wasan ba abin kushewa. Sai Nagina a 1986, bokan macizan nan mai busa, sai Mr. India a 1987 na Shekhar Kapur tare da Anil Kapoor da Sridevi. Yana dab da cika 55 ya zama Mugambo.

Mu nan mun san yadda abin ya same mu. Finafinan Indiya sun daɗe a ƙasar Hausa, tun zamanin da 'yan kasuwar Lebanon suke kawo su silimu, kuma muna da al'adar laƙaba wa 'yan wasansu suna namu na gida. Shi sunan matsayinsa ne ya bi shi, har ya zama in an ce Amrish Puri wani sai ya tsaya tunani, in an ce Mugambo kuwa har tsohuwa ta gane. Ina tuna gidan kallon unguwarmu, yara mun cika tabarma, da an nuno fuskarsa sai ka ji ana "ga shi nan, ga mugun nan", ana tsine masa ana kuma matsowa kusa da talabijin. Abu ɗaya yake damuna da finafinan da ake fassarawa yanzu, ban raina aikin masu fassara ba don sun sa mutane da yawa sun fahimci labari, amma in aka ɗora wata murya a kan ta Amrish Puri an cire rabin wasan. Yaran da suka san shi a fassara kawai basu taɓa jin mutumin ba. In za ka yi nazarinsa, ka nemi na asali ko da baka jin Indiyanci.

Mutane suna cewa baiwa ce, Allah ne ya ba shi murya. Eh baiwa ce, ba musu. Amma da wannan muryar ya je gwajin farko aka ƙi shi. Na sha ganin masu murya kamar ganga waɗanda in suka yi magana baka jin rabin kalmomin, saboda basu san inda za su ja numfashi ba, basu san kalmar da za su danna ba. Shi ka saurare shi, ko yana cikin fushi kowane harafi yana fita daban, yakan ja kalma ya sauke ta ƙasa-ƙasa sannan ya datse. Wannan aikin Dubey ne da shekarun atisaye.

Ba bos kaɗai ba ne

Abin da ke tabbatar min da cewa ɗan wasa ne na gaske shine abin da ya yi a shekarun 1990. A shekara guda, 1995, ya fito a Karan Arjun a mugun da ya kashe 'yan uwa biyu, ya kuma fito a Dilwale Dulhania Le Jayenge a Baldev Singh, mai shago a Landan da ke watsa wa tantabaru hatsi yana kewar gida. Ka duba wannan uban da kyau. Shine yake hana auren, shine katangar da ke tsakanin masoyan, amma baka iya tsanarsa, saboda ka san irinsa, ƙila ma a gidanku, dattijon da ya yi alkawari ga amininsa kuma yake ganin saɓa shi ya fi mutuwa ciwo. A tashar jirgin ƙasa a ƙarshe, yana riƙe da hannun 'yarsa gam, kafin ya sake ta sai ka ga abin yana sauka a fuskarsa tun bai buɗe baki ba, idon da ya saba firgita mu da shi shine dai ya yi laushi. Na nuna wa ɗalibai wannan wajen ya fi sau hamsin kuma har yau yana taɓa ni. Sai Ghatak a 1996, inda ya fito a tsohon uba mara lafiya da aka wulaƙanta a bainar jama'a, wanda in ka kalla baka ji ƙwalla ba to zuciyarka da ƙarfi, da Virasat a 1997.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Lambar Filmfare, wato lambar yabo ta finafinan Indiya, sau uku ya ci, a Meri Jung da Ghatak da Virasat, duka a rukunin mai taimaka wa jarumi, biyu daga ciki kuma a matsayin uba. Rukunin gwarzon mugu kuwa an sha sa sunansa a takara amma bai taɓa ɗauka ba.

Gaskiya kuma ba duk finafinansa ne na kirki ba. Ya yi sama da 400, kuma mutum ba zai yi wannan adadin ba sai da tarkace a ciki, akwai da yawa da zare ido da dariyar mugunta kawai aka ɗauke shi ya yi, shi ma ya yi musu abin da suka biya. Masana'antar ta matse shi a matsayi iri ɗaya na tsawon shekaru. Amma ko a cikin tarkacen da wuya ka kama shi yana wasa da ganganci. Ya rasu ranar 12 ga Janairu 2005 a Mumbai, wato Bombay ɗin da, yana da shekara 72, bayan fama da wata cutar jini, yana cikin aiki har ƙarshe, wasu finafinan nasa ma bayan rasuwarsa suka fito.

To kai fa

Shekara 34 ba ta yi yawa ba, amma zan faɗa maka gaskiya yadda zan faɗa wa ƙanina na ciki ɗaya. In burinka ka zama yaron fim mai waƙa da budurwa, to wannan layin matasa ake nema kuma cike yake. In kuwa wasan kansa kake so, to kowane labari yana buƙatar uba, da kawu, da alƙali, da mai unguwa, da bos, kuma a finafinanmu nan ne ake da ƙarancin gwanaye, shi ya sa kake ganin an shafa wa yaro hoda a gemu an ce dattijo ne. Shekarunka da zaman ofis ɗinka jari ne, ka ga yadda oga yake magana da masinja, ka ga yadda mai neman alfarma yake zama a bakin kujera, ɗan shekara 20 bai tara wannan ba. Mu ma manyanmu irin su marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja ba da kyan fuska suka riƙe mutane ba, da iya magana ne da sanin halin jama'a.

Kada dai ka ɗauki labarin Puri a matsayin wai ya zauna a ofis har 40 sai sa'a ta faɗo masa. Duk tsawon lokacin yana wasa, kyamara ce kawai ba ta gabansa. Don haka kada ka ajiye aikinka, musamman in da iyali, shi ma bai ajiye ba sai da ƙafarsa ta tsaya. Ka nemi ƙungiyar wasan kwaikwayo a garinku, ko ta makaranta ce, ko masu wasan faɗakarwa, ko dirama ta gidan rediyo wadda ita ma makarantar murya ce babba, ka shiga a matsayin ɗalibi, duk matsayin da aka ba ka ka karɓa ko na mai kawo ruwa ne. Nan ne manya suke faɗuwa, na sha gani, mutum ya saba a ofis ana gaishe shi, sai yaro ɗan 25 ya ce masa "Baba sake, bai yi ba", washegari baka ƙara ganinsa. Akwai wani ma'aikaci da ya zo mana ya haura 40, yakan iso da takalmin ofis a ƙafa ya cire ya ajiye a bakin ƙofa, shekara biyu yana fitowa a ɗan aike da mai gadi bai taɓa ƙorafi ba, yanzu in muna da matsayin dattijo shi muke fara kira.

Iyakar abin da zan iya maka alkawari kenan, don ni a ƙaramin dandamali nake aiki, kuma na koyar da yara masu hazaƙa da yawa da har yau ba wanda ya san su. Bombay ta wancan lokacin tana da gidajen wasa da daraktocin fim da ke zuwa kallo suna zaɓar mutane, mu a nan wannan gadar tsakanin dandamali da fim ta yi rauni ƙwarai. Za ka iya ƙwarewa, suna da kuɗi kuwa na Allah ne.

In za ka fara a satin nan, kullum da safe kafin ka fita ka tsaya ka karanta shafi ɗaya na kowane littafin Hausa da ƙarfi, hannunka ɗaya a kan cikinka ka tabbatar shine yake motsi ba kafaɗa ba, ka ɗauka a waya ka saurara. Ka haɗa da karya-harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto, a hankali tukun har kowane harafi ya fita, sannan ka ƙara sauri. Da dare kuma ka nemo Nishant da Ghatak, ka zaɓi waje ɗaya a kowanne, ka kalla sau ɗaya da sauti, ka sake kalla ka kashe sautin kana bin hannayensa da kafaɗunsa kawai. In ka yi wata guda kana haka ka rubuto min abin da ka gani, sai mu ɗora daga nan. Allah ya taimaka.